Waken da ya tsira a ƙarƙashin gado

Wannan saƙo daga wani dattijo ne a cikinmu. Ya roƙi a sakaya sunansa, ya kuma ce sunayen da ke ciki duk ya canja su. Don Allah a yi sharhi da ladabi, sa'an kakannin wasunmu ne.

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, manya da yara. Don Allah ku ba ni shawara. Na daɗe ina karanta abin da kuke rubutawa ban taɓa tofa komai ba, yawancinku na yi jika da ku, ban kuma taɓa zaton wata rana zan kawo tawa ba. Ku yi haƙuri da tsawon maganar, tsoho ne, da yatsa ɗaya nake rubutu, in idona ya gaji in ajiye in dawo.

Ni tsohon malamin firamare ne, na yi ritaya tun ba a haifi wasunku ba. Karatuna ba mai nisa ba ne. Na gama firamare, aka tura ni kwalejin horon malamai na yi ƙaramar takarda, aka miƙa mini alli aka ce je ka. Duk aikina a nan Kaduna na yi shi, a wata makaranta da ke gefen Badarawa, unguwar da muke haya a lokacin, ɗaki biyu da 'yar rumfa. Abin da zan ba ku labari ya faru ne shekara biyu ko uku bayan an canja kuɗi daga fam da sule zuwa naira. Na faɗi haka ne don ku san daɗewar abin, ba don ina neman a ce ai zamani ne ya kawo ba.

A wancan lokacin darajar makaranta abu ɗaya ce, yara nawa ta tura sakandaren gwamnati. Jarrabawar shiga sakandare ita ce komai. Ranar da sakamako ya fito akan manna shi a ƙofar ofishin hedimasta, iyaye su zo a kan kekuna da babura, akawu da masinja da direban ma'aikata, kowa yana bin sunaye da yatsa. Wanda ɗansa ya ci ya tafi baki har kunne, wanda nasa bai ci ba ya tura kekensa a ƙasa har gida, ba ya ko hawa. Hedimastanmu mutum ne mai son sunan makarantarsa, ya ba ni ajin ƙarshe saboda ina da murya kuma ba ni da wasa.

Ga yadda muke yi. Hedimasta yana da tambayoyin shekarun baya da amsoshinsu, waɗanda shi ma ya gada daga wanda ya riga shi. In rubuta a allo, yara su kwafa, sannan a shiga bita. In ja tambaya da ƙarfi su amsa da murya ɗaya, ina buga tebur da tsumagiya don kada wani ya riga wani. Tun safe har tashi, bayan la'asar kuma su dawo lesin. Matan da ke wucewa za su Babbar Kasuwa in sun ji amon ajina sai su ce, ka ji inda ake karatu. Mu da hadda muka taso a makarantar allo, a can kuwa haddar ita ce daidai, don abin da ake haddacewa ba ya canjawa, ba a ƙara masa ko wasali. Mu sai muka ɗauko wannan muka ɗora a kan lissafi da kimiyya da labarin ƙasa, kamar su ma saukakku ne. Yaro in ya ɗaga hannu ya ce Malam me ya sa, amsata ɗaya ce, "Wa ya tambaye ka? Faɗi abin da aka ce." Har yara suka laƙaba mini Malam Aka-ce. Ina sane, bai kuma taɓa ɓata mini rai ba, don kusan kowace shekara ajina ne a gaba. Iyaye har gida suke biyo ni suna roƙon a saka musu yara a wajena.

A shekarar da nake magana ɗana na fari ya iso ajin. Sunan mahaifina ya ci, shi ya sa ake ce masa Abba. Ku yaran yanzu da kuke saɓa 'ya'yanku na fari a kafaɗa kuna hoto ba lallai ku gane ba, mu a wajenmu akwai alkunya tsakanin mutum da ɗan farinsa. Ba ka kiran sunansa, ba ka wasa da shi, ba ka yabonsa, in ya faɗi ma sai ka kau da kai wani ya ɗaga shi. Ni da mahaifiyarsa, Allah Ya jiƙanta, haka muka riƙe shi. Ko rajista nake kira in na zo kan sunansa sai in ɗaga kai in gan shi, in yi maki in wuce na gaba. In dole ta kama sai in ce kai, ko wancan na bakin taga. Ga shi kuma ɗan malami, dole in fi tsananta masa don kada a ce ina son kai.

Wadda ta sake da shi ita ce mahaifiyata, Iya, da ke zaune tare da mu. A ɗakinta yake kwana, Maigida take ce masa tunda sunan mijinta gare shi. Ita tana kaɗin auduga shi yana gefenta yana jero tambaya, me ya sa wata yake bin mutum in yana tafiya, me ya sa ƙadangare ke kaɗa kai, ina muryar da ke cikin rediyo take zuwa in an kashe. Takan ce masa, "Kai Maigida, wancan mai sunan naka ma bai titsiye ni haka ba, ka bar ni in huta ko in koma gidanmu." Shi kuma ya ce ai ba ta da kuɗin mota. Ina jin su daga ɗakina, wani lokaci har in yi dariya ni kaɗai, amma da na fito sai in ɗaure fuska. Ya taɓa kwance mini tocilan ya baje a tabarma don ya ga inda hasken yake ɓuya, Iya ce ta hana a taɓa shi.

Akwai wata tambaya a darasin kimiyya, me iri yake bukata kafin ya tsira. Amsar da muka gada ita ce ƙasa, ruwa da hasken rana. Mun rera ta har ta zama waƙa, ƙasa, ruwa, hasken rana, kowace kalma da bugun tsumagiyarta. Wata safiya, jarrabawa ta matso, muna cikin bita na ja wannan tambaya aji ya amsa, sai na ga hannu a sama ta bakin taga. Shi ne. Ban ce masa komai ba, ya ɗauka izini ne, ya taso da wani abu a rufe cikin rigarsa ya ajiye a kan teburina. Gwangwanin madara ne, an cusa audugar Iya a ciki an jiƙa, ga wake ya tsira a kai, fari sol, dogo, siriri, ya lanƙwashe kamar yana neman hanya. Ya ce, "Malam, wannan a ƙarƙashin gadon Iya na sa shi. Babu ƙasa, rana kuma ba ta shiga wurin. To me ya sa ya tsira?" Ba da rashin kunya ya faɗa ba. Fuskarsa cike take da murna, ya zaci ya kawo mini abin da zan ji daɗi.

Ni ɗan manomi ne. Na sha ganin dawa ta tsira a cikin rumbu in danshin damina ya kai mata, babu ƙasa babu rana. Idona ya san wannan tun ina yaro, amma ban taɓa haɗa abin da idona ya gani da abin da ke kan allo ba, kamar duniya biyu ce, sai a wannan safiyar. Na dubi waken na san yaron yana da gaskiya, na kuma san ba ni da bayanin da zan ba shi. Daidai lokacin hedimasta ya tsaya a taga, hannuwa a baya, kamar yadda ya saba zagayawa. Wani yaro a baya ya ce ƙasa-ƙasa, ɗan Malam ya ƙure Malam, aka yi 'yar dariya. Abin da ya kamata in ce shi ne ban sani ba, bari mu bincika. Amma a lokacin malami ba ya cewa bai sani ba, uba kuma ba ya faɗa wa ɗan farinsa ka yi daidai a gaban mutane. Na ɗauki gwangwanin na wurga ta ɗaya tagar, na ji ƙararsa a jikin katanga. Na ce, "Wa ya tambaye ka? Faɗi abin da aka ce." Na sa shi ya hau kan benci ya tsaya, yana maimaita ƙasa, ruwa, hasken rana, shi kaɗai, har aka kaɗa ƙararrawar tara. Ban dake shi ba. Bai yi kuka ba. Hedimasta ya gyaɗa kai ya wuce, daga baya ya ce mini haka ake riƙe aji.

Da yamma Iya ta kira ni ɗakinta, ta ce yaron ya dawo bai ci abinci ba, ina gwangwaninsu, don ita ce ta riƙa tuna masa ya zuba ruwa. Na ce jarrabawa ta kusa, ba lokacin wasa ba ne. Ta ce to in wasa ne ai sai in gaya masa amsar ya huta, me ya hana. Na miƙe na nufi ƙofa. Ta dube ni ta ci gaba da kaɗinta, ba ta sake tayar da maganar ba har ta koma ga Allah.

Daga ranar bai sake ɗaga hannu a aji ba. A gida ma tambayoyin suka riƙa raguwa har suka ɗauke. Iya ta ce ɗakinta ya yi shiru kamar an yi mata kishiya da littafi, ni kuwa daɗi na ji, na ce yaro ya nutsu. Duk abin da na rubuta a allo zai haɗiye shi ya dawo mini da shi ba ragi ba ƙari. Da sakamako ya fito sunansa ne a sama. Hedimasta ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, mahaifiyarsa ta yi waina aka raba sadaka, ni kuma ko barka ban ce masa ba, alkunya. Aka saya masa akwatin ƙarfe ya tafi makarantar kwana.

Bayan 'yan shekaru, kafin ƙarshen mulkin soja na wancan lokacin, aka tura mu kwas na ƙara wa juna sani a Zariya. Wani matashin malami ya shigo da kwalabe da auduga da wake, ya jera a gabanmu, ya nuna mana cewa iri ruwa yake bukata da iska da ɗumi, shi ke nan, ƙasa da hasken rana sai bayan ya tsira yake neman su don ya rayu. Ina zaune a benci. Ban ji komai a raina ba, na kwafa kamar kowa. Da na dawo na canja waƙar, ruwa, iska, ɗumi, ta zauna daidai da bugun tsumagiya, aka ci gaba. Da aka yi hutu Abba ya dawo, ya durƙusa ya gaishe ni, na ce an dawo lafiya, ya karatu, ya ce alhamdu lillahi. Maganar tana bakina. Na ce a raina sai gobe. Yau fiye da shekara arba'in ke nan ban faɗa ba, wannan ya fi wurga gwangwanin zauna mini a rai.

Ban ce gwangwani ɗaya ne ya gina mutum ba, shekara guda ya yi a hannuna a aji, rayuwarsa duka kuma a hannuna a gida. Amma ga abin da na gani. Bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba, ya yi jami'a, ya shiga aikin gwamnati, ya kai babban matsayi, ba a taɓa kama shi da laifi ba. Abokan aikinsa da ke zuwa gaishe ni sukan yi masa tsiya a gabana, su ce shi in an tambaye shi ƙarfe nawa sai ya ce bari a ji abin da oga zai ce. Ana dariya har da shi. Ya sayi fili a Rigasa tun wurin yana gonaki, har yau bai aza bulo ba, wani ya ce ƙofa ta kalli gabas wani ya ce kudu, yana jiran wanda zai yanke. Lokacin da mahaifiyarsa take kwance a asibiti likita ya kira shi a matsayin babba, ya ce hanya biyu ce, a yi aiki ko a ci gaba da magani, kowacce da haɗarinta, ku zaɓa. Ya tsaya yana kallon likita ya ce, to wanne ne daidai. Likita ya ce babu daidai a nan Alhaji, zaɓi ne. Ya juyo yana kallona. Ƙanwarsa ce ta yanke. Yanzu ya yi ritaya, gidansa yana kusa da nawa, kullum da safe zai zo ya durƙusa da furfurarsa ya ce, Baba akwai abin da za a yi? Mutanen masallacinmu suna cewa Malam ka yi sa'ar ɗa, in ce alhamdu lillahi, kuma da gaske nake, yaro ne mai biyayya, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Sai dai in na dube shi ina neman wancan mai kwance tocilan, ba na ganin ko inuwarsa.

Abin da ya kawo ni gare ku ya fara ne watan jiya. Autarsa, zan kira ta Nana, tana ajin ƙarshe na firamare, za ta zauna jarrabawar shiga wata makarantar kimiyya ta 'yan mata da kowa ke rububi. Ita ce kawai a jikokina ba ta shakkata. In ta shigo tun daga zaure take cewa ina angon nawa mai haƙori huɗu, in ce wa zai auri mai surutu irin naki, ta ce ai ko kyauta aka ba ta ni sai ta yi shawara. Malamarsu ta aiko cewa yarinyar tana da kai amma ba ta rubuta amsa yadda aka ba su, da kalmominta take rubutawa, wani lokaci ta ƙara abin da ba a tambaya ba, maki yana zubewa, in ba a tashi tsaye ba ba za ta samu ba. Sai Abba ya riƙo hannunta ya kawo mini. Ya ce, "Baba, a yi mata irin yadda aka yi mana." Ya ce duk inda ya zauna yana faɗa, ba don hanyar Baba ba da bai zama komai ba. Ya ajiye mini littafin tambayoyin shekarun baya, sabo fil, da amsoshi a bayansa. Na karɓa.

Muka fara bayan la'asar a tsakar gida. Abin da ya ba ni tsoro shi ne yadda hannuna bai manta ba. Ina jan tambaya na tsinci kaina ina buga ƙasa da sandata. Ta yi dariya ta ce, "Tsoho, karatu muke ko kalangu?" Ta dai bi, muka yi 'yan kwanaki a haka. Wata rana ta tashi shan ruwa ta dawo da moɗa a hannu ta ce, me ya sa ruwan randa ya fi na bokiti sanyi, alhali inuwa ɗaya suke, famfo ɗaya aka ɗebo. Na ji tsohuwar amsar ta taso mini har maƙogwaro. Ban san yadda aka yi ba, na ce mata ban sani ba. Ban taɓa faɗa wa yaro haka ba tunda nake. Ta zaro ido ta ce, "Malam guda? Lallai an cuci mutanen da." Sai ta je ta shafa jikin randar ta ce ai gumi take yi, bokiti kuwa ba ya yi, ko gumin ne. Na ce to ya za mu gane. Ta samo gorar ruwa biyu, ta naɗe ɗaya da jiƙaƙƙen tsumma, ta ce ta ba ta gumin aro, muka ajiye su a inda iska ke kaɗawa muka zauna jira. Littafin yana gefe a rufe. Rabon da in ji ina jiran wani abu da ɗoki na manta.

Muna cikin haka Abba ya yi sallama ya shigo. Ya ga littafi a rufe, ya ga tsumma da gora, ya ga 'yarsa a durƙushe hannu duk ruwa. Ni bai ce mini komai ba, ba zai iya ba. Ta taso da murna tana cewa Abba taɓa ka ji, wannan ta fi sanyi, ka san me ya sa. Bai taɓa ba. Ya ce, "Wa ya tambaye ki? Faɗi abin da aka ce." Jama'a, muryata ce. Har inda nake jan numfashi a tsakiya, nan ya ja. Ya ɗauki gorunan ya zubar da ruwan a magudana, ya buɗe littafin ya ajiye a gabanta, ya durƙusa ya ce mini Baba a yi haƙuri, yarinyar ce da ɓata wa mutane lokaci. Na ce ba komai. Abin da na ce ke nan, ba komai.

Washegari ta zo a kan lokaci. Ba ta kira angonta daga zaure ba, ta yi sallama, ta gaishe ni, ta zauna ta naɗe ƙafa. Na ja tambaya ta amsa daidai, na ja wata ta amsa daidai. Na ce yau amarya fushi ake da ni, ta ce a'a, mu ci gaba. Yau mako biyu ke nan haka muke. Malamarsu ta aiko da godiya, maki ya fara hawa. Abba ya zo ya ce ai ya san hannun Baba ba ya kuskure. Ina ta sauraron in ji wani abu a ƙirjina, baƙin ciki ko fushi, babu, shiru kawai, kamar ina kallon abin da na riga na gani.

Ga inda na tsaya. Jarrabawar nan ba wasa ba ce, na fi kowa sani. Wurin kaɗan ne, masu nema da yawa, mai duba takarda kuma ba ya tambayar ra'ayin yaro, abin da ke cikin takardarsa yake nema. In na ci gaba da yi mata yadda na iya, ina kyautata zaton za ta ci, don ban taɓa riƙe yaro mai kai irin nata ya faɗi ba. Amma na san abin da ake biya, na gan shi yana durƙusa mini kowace safiya. In kuma na saki littafi na bi tambayoyinta, ta faɗi, ita za ta ɗauki asarar ba ni ba, ni saura kaɗan in tafi, ubanta kuma zai ce tsufa ya taɓa Baba ya nemo mata wani malamin lesin da zai fi ni tsanani. Na yi tunanin raba lokacin biyu, rabi hadda rabi bincike, amma yarinyar ta riga ta rufe baki, ba ni ne na rufe shi ba balle in buɗe, daga bakin ubanta ta ji, daga nan take jira.

Shi ya sa nake ganin maganar ba ta Nana ba ce kaɗai, sai na bi ta kan Abba. To ta yaya? Mutumin da ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa ce masa ka yi daidai ba, yau in zaunar da shi da furfurarsa in ce masa ranar nan kai ke da gaskiya, ban san amsar ba ne, kuma na gano daga baya na ɓoye maka. Abu ɗaya da yake tinƙaho da shi a duniya shi ne hanyar Baba. In na ce masa hanyar ta ci shi, me na bar masa ya riƙe a wannan shekarun? Wataƙila ma ya manta da gwangwanin, in tono masa abin da ya binne. Wataƙila kuma bai manta ba, wannan ya fi ba ni tsoro. Kuma ko na faɗa, ina jin zai ce to Baba, yadda ka ce haka za a yi, ya zama wannan ma wani abin da aka ce ne, ya haddace.

Don Allah ku ba ni shawara, musamman malamai da ke cikinku, da waɗanda iyayensu suka taɓa neman afuwarsu bayan sun girma, in akwai. Ya kuka ji, sauƙi ya kawo muku ko nauyi? In ci gaba da haddar har a gama jarrabawa sannan in yi magana, ko lokacin ya wuce kamar yadda ya wuce mini a wancan karon da na ce sai gobe? Akwai hanyar da yaro zai ba mai jarrabawa abin da yake so ba tare da ya daina tambaya ba, wadda ku kuka sani mu ba a koya mana ba? Kada ku ce in yi addu'a kawai, ina yi.

Abu na ƙarshe, ku yi mini dariya in kun ga dama. A makon jiya na wanke gwangwanin madarar shayina, na sa auduga na jiƙa, na jefa wake na tura ƙarƙashin gado. Yau da safe na durƙusa da ƙyar na jawo shi, ya tsira, fari sol, ya lanƙwashe. Malamin nan na Zariya ya ce in aka bar shi a duhu ba ya daɗewa, abincin da ke cikin ƙwayar yana ƙarewa. Gobe Abba zai zo gaisuwa da safe, Nana kuma bayan la'asar. Wa zan fara nuna wa?